Matan Bengal a Bangon Shagon A'i

Al Sabkha, Dubai
Rajab

A'i,

Bayan sallama, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Gwaggo? Man zafin da na aiko nata ne, kada ki ce za ki fara gwada shi a gwiwarki. Ni lafiyata ƙalau, in ban da hawan jinin da kika ɗora mini.

Tunda kin toshe lambata, na koma takarda da biro kamar ɗan makarantar kwana. Zailani mai jigilar kaya a jirgi, wato kago, zai kawo miki hannu da hannu, na kuma ce ya tsaya a kanki har ki karanta.

Ranar Juma'a ina cin biriyani a shago na buɗe waya, sai ga bidiyon da kika ɗora na sabon fentin shagonki. Na ce masha Allah, baiwata ta yi fenti. Kyamara tana juyawa sai ga matan Bengal jere a bango, daga kan keken ɗinki har bakin ƙofa, kowace tana sheƙi cikin leda kamar katin zaɓe. Ban san ta inda shinkafar nan ta bi ba. Na kira ki na faɗi abin da na faɗa, ban kuma janye komai ba sai maganar hancinki, tunda hancin gidanmu ne.

Littattafan nan ba kataloj ba ne, A'i. Kowa a garin nan da abin da yake zuba ransa a ciki bayan ya rufe shago, wani turare, wani agogo. Ni tsofaffin littattafan tufafin mutanen Bengal nake tarawa. An buga su a Kalkata tun zamanin Turawa, tun kakanmu Malam bai fara allo ba, aka kuma bi kowane zane da hannu aka sa masa launi. Na bi dillalai har Sharja, na shiga ɗakunan ajiya masu warin ɓera, na sha shayin da ba na so, na yi dariyar labarin da ba abin dariya a cikinsa, kafin na haɗa kwalin nan guda da na aiko miki ajiya.

Amma ba wannan ce ta hana ni barci ba. Ɗaya daga cikinsu ba nawa ba ne. Na Baba Bashar ne, wani tsohon tela Bangali mai shago a Al Buteen, kusa da bakin ruwa. Shi ya jefa ni cikin wannan sha'awa. Na kai masa babbar rigata gyara, ya daɗe yana shafa aikin wuyanta, sannan ya jawo wani littafi daga ƙarƙashin tebur ya ce in zo in ga na ƙasarsu. Na ubansa ne. Lokacin ruwan nan da ya cinye Dubai bayan ƙaramar sallar da ta wuce, ruwa ya shiga shagonsa har gwiwa, ya ɗoro littafin a ka ya kawo mini, saboda ɗakina a sama yake. Daga baya nawa bangon ya fara gumi, na tattara littattafan na ba Zailani, masu ɗaure kaya suka haɗa da nasa.

Yanzu bizarsa za ta ƙare, ba kuma zai sabunta ba. Bayan ƙaramar salla zai rufe shago ya koma garinsu Silet gaba ɗaya. Ya zo ya ce in ba shi ajiyarsa. Na ce tana sito a Al Warsan, a busasshen wuri, shwaiya shwaiya, a hankali zan ɗauko.

Ki faɗa mini abu ɗaya. Wanne kika yanka? Nasa mai koren bango ne, gadon bayansa ya ɗan tsage. In kin ce ba shi ba ne, na yafe miki sauran.

Ɗan kawunki,
Mijinyawa

*

Gwammaja, Kano
Rajab

Mijinyawa,

Wa alaika salam. Duk muna lafiya. Inna ta ce a gode maka, man ya yi mata, ta kuma ce ka rage zafin kai, ba a gidanmu ka gado shi ba. Zailani ya tsaya a kaina kamar yadda ka umarta, sai na sa shi ya riƙe mini bakin yadi, don ba a tsayuwar banza a shagona.

Koren ne na yanka. Shi ne launinsa ya fi fita.

Kafin ka faɗi ƙasa, ka tuna abin da ka rubuta a jikin kwalin da hannunka: "Ga kaya nan ki ajiye, akwai ɗinkuna a ciki da za su ba ki sha'awa, ki buɗe ki more idonki." Tun da ka tafi Dubai, wane kwali ka taɓa aiko mini da ba na shago ba ne? Zare, almakashi, duwatsu, kataloj na abaya. Tela ka aiko wa littafin ɗinki, ka ce ta more, sannan kana mamaki ya hau bango? Ina ka ce amana ce ko na wani ne a cikin rubutun? Kai da in za ka sayar da gyale ɗaya sai ka yi masa huɗubar Juma'a, a nan ne bakinka ya mutu.

Ba kuma yagawa na yi ba. Da sabuwar reza na bi shi, a miƙe, yadda nake yankan shaddar mutane. Na kai lamineshin saboda gara ta fara cin gindin kwalin, in ba ka sani ba. A garin nan me ake yi wa lamineshin? Takardar makaranta, takardar fili, takardar haihuwa. Abin da ake ji da shi. Kai kanka takardar sakandarenka da ke akwatin Inna cikin leda take, ban ji ka kira kowa jahili ba.

Maganar raba shafi da shafi kuma, je ka buɗe Alƙur'anin Malam. A ɗinke yake? Warwara ne, falle-falle, cikin tadarishi da gafaka, ya kuma girme ka ya girmi ubanka. Ba wanda ya ce an wulaƙanta shi.

Duk na yi musu lamineshin, sai falle ɗaya da ke da dattin yatsa, rawaya, a gefen hoton wata amarya. Mai lamineshin ya ce zai fito da muni, na ware shi gefe.

In gaya maka, tun da na kafa su amare ke tsayawa suna kallo. Wata ta ce lallai sai na yi mata naɗin farin nan mai jan baki ranar kamu. Yadin nasu da ake ganin jiki ta ciki dai na ce ba a shagona ba.

Ni ma ina da tambaya. Ɗakinka ya yi gumi, to, me ya hana ka tsallaka titi ka mayar wa tsoho kayansa? Sai ka tsallaka teku da shi? Na san ka tun kana ajiye wa yaran unguwa tantabaru har su manta gidansu. Masu ɗaure kaya dai ba su da bakin kare kansu.

A kan hancina, na karɓi janyewar. Lambarka tana nan a toshe.

A'i

*

Al Sabkha
Sha'aban

A'i,

Sallama. Na ji daɗin jin ƙafar Gwaggo. Ni ma ina raye, abin da zan iya cewa ke nan.

Na karanta takardarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune, ba ta gyaru ba. Sabuwar reza! Kina faɗa kamar in aiko miki da tukuici. Kin san abin da injin nan yake yi? Zafi yake sa wa, gam ya narke ya shige cikin takarda. Na tambayi wani mai gyaran tsofaffin littattafai a Sharja, ban ce nawa ba ne, na ce na wani wawa ne a ƙasarmu. Ya dafe kai ya ce khalas, shi ke nan, in ka ɓare ledar da fuskar matar za ta taho. Takardar sakandarena in ta ƙone gobe ba wanda zai yi kuka, har ni. Kada ki ƙara haɗa su.

Alƙur'anin Malam kuma a warwara aka rubuta shi tun asali. Ba wata jikarsa ce ta same shi a ɗinke ta bi shi da reza ba.

Maganar tantabaru ba zan tanka ba. Ina da shekara nawa lokacin? Ki bar tone-tone, muna cikin gobara.

Yanzu ki saurara da kyau, don akwai mafita. Cikin kwalin akwai wani mai bango ruwan ƙasa, girmansu ɗaya da koren. Ki buɗe za ki ga matan nan ne dai, jeri ɗaya, bugu ɗaya. Nawa ne, na same shi wurin wani dillali bayan na daɗe ina nema. Launinsa ya ɗan kwanta, shi ya sa idonki na tela ya tsallake shi, alhamdu lillahi. Ki naɗe shi cikin tsohon zani mai laushi, ki haɗo da koren bangon da kika cire, ki ba Zailani. Akwai mai ɗinkin littafi a nan da zai sauya musu riga cikin yini guda. Baba Bashar sai ya kai allura bakin hancinsa yake ganin kafarta. Zai karɓa, ya rungume ni, ya hau jirgi da farin ciki. Ni ne na yi asarar nawa, wanda ya fi nasa lafiya ma. Wa aka cuta?

Jiya ma ya leƙo shago da kofin shayi biyu. "Mijin bhai," haka yake kira na, wai ɗan'uwa, "sito ya yi nisa ne?" Na ce mai makullin ya tafi Umara. Ban san mutum nawa zan ƙara turawa Umara ba kafin ki motsa.

Kada ki yi mini wa'azi. Littafi nake so.

Mijinyawa

*

Gwammaja
Sha'aban

Mijinyawa,

Muna lafiya. Inna tana shirin azumi, ta ce ka aiko da dabino mai laushi, ba irin na bara mai karya haƙori ba.

Wawan ƙasarku ta gaishe ka.

Na yi niyyar in ƙi. Har na ce wa Zailani ya tafi, sannan na kira shi ya dawo. Ga ruwan ƙasan nan na naɗe maka, ga koren bangon. Amma ba su kaɗai ba ne a jakar.

Na sauke matan daga bango. Bangon ya koma fari fat, masu zuwa suna tambaya ko an yi mini sata. Na jera su yadda suke tun farko, na bi lambar da ke ƙasan kowane falle, na kai kasuwar Kurmi wurin badukun da ya gyara gafakar Malam. Na ce ya yi musu tadarishi da gafaka na jar fata, irin wanda ake yi wa littafin da ake tashi tsaye in an shigo da shi. Ya tambaye ni wane littafi ne, na ce na wani dattijo ne da aka ci amanarsa sau biyu, ni ce ta biyu.

To ga su nan duka a hannunka. Ɗaya nasa ne da na ɓata ban sani ba. Ɗaya ba nasa ba ne, kana kuma sane. Ka zaɓi wanda za ka miƙa wa mutumin da yake kawo maka shayi.

Ka ce wa aka cuta. Ni tela ce. In mace ta kawo mini zanin uwarta na ƙona shi da dutsen guga, ba na zuwa Kantin Kwari in sayo irinsa in yi shiru, ko da ya fi nata tsada. Ina kiran ta in nuna mata ƙunar, ta zage ni, in haɗiye. Kai ka saba da kasuwar da in kwali ya ɓata sai a cike da wani kwalin, mai kaya bai sani ba, kowa ya yi barci. Shi ya sa kake ganin dabara ce.

Ba wa'azi ba ne. Wa'azi ana sa ran mai ji.

A'i

*

Al Sabkha
Azumi

A'i,

Barka da shan ruwa, ke da Gwaggo da kowa. Dabino yana hannun Zailani.

Ina fallen nan mai dattin yatsa?

Ki bar duk abin da kike yi ki nemo shi. Na kai ruwan ƙasan an sa masa koren bango, ya fito tsaf, ni kaina sai da na rikice. Na saka shi a jaka na tafi Al Buteen da la'asar. Na tarar da tsohon yana kwance kekensa, shagon duk kwalaye. Ya ga jakar ya gane, ya ce in dakata ya wanke hannu. Yana wankewa yana ba ni labari, ni kuma hannuna yana kan zip.

Ashe su ma suna shafa wa amarya kurkur kafin biki, kamar ku. Ubansa tela ne, ya aika wa amaryarsa littafin gidansu don ta zaɓi naɗin da take so. Tana cikin kurkur ɗin ta dangwala babban yatsa a gefen wadda ta zaɓa. Uban ya juya bayan fallen ya rubuta bisimilla da ranar aurensu. Ta rasu Baba Bashar yana rarrafe. Ba hoto, bai san fuskarta ba. Ya ce da ni, yana goge hannu da tawul, "Sauran duk matan mutane ne, Mijin bhai. Shafi ɗaya ne uwata."

Na ce masa abin da ke jakar samfurin leshi ne, littafin gobe. Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya koma kan kekensa.

Na zazzage gafakarki falle-falle, babu shi. Kin ce kin ware shi gefe. Wane gefe? Shagonki da ake share ƙyalle kullum a zuba a buhu? Mai lamineshin ya ce datti ne, ke kuma da kike shafa wa amare kurkur da hannunki ba ki gane shi ba?

Ki buɗe lambata. In ba za ki buɗe ba ki ba Zailani amsa a jirgin farko. Tsohon ya riga ya yanki tikiti.

Mijinyawa

*

Al Sabkha
Azumi

A'i,

Zailani ya dawo hannu rabbana. Ya ce ya je shago a rufe, ya je gida aka ce kin fita. In kin yar ne ki faɗa mini, in san irin fuskar da zan ɗauka. Shirun nan ya fi rezar ciwo. Ina zagayawa ta bayan masallaci yanzu don kada in bi ta ƙofar shagonsa, ni da ban taɓa ɓuya wa kowa a nan yankin Deira ba.

Ki gaida Gwaggo.

Mijinyawa

*

Gwammaja
Goman ƙarshe

Mijinyawa,

Barka da ibada. Muna lafiya, sai dai ni ban ga lafiyar ba.

Ka ce na yi shiru. Shagon da Zailani ya gani a rufe, a goman da tela ba ta ɗaga kai, kayan sallar mutane jibge, kana tsammani yawon shan iska na tafi? Na juye buhunan ƙyalle kaf a tsakar shago. Na je wurin mai sayen ƙyalle yana cusa filo, na sa ya farke filo. Na koma wurin mai lamineshin, muka yi abin da mai azumi bai kamata ya yi ba. Wata da na riƙe wa ɗinki ta zo har gida ta wanke ni tas a gaban yarana. Ban rubuto ba saboda ba ni da abin rubutawa, ba kuma zan tura kowa Umara ba.

Maganar kurkur, ka yi gaskiya. Na gani ban gane ba. Wannan ɗaya ce na ba ka, kada ka saba.

Jiya na je gaida Inna, ta ga idona ta tambaya, na ba ta labari. Ta ce wace takarda, mai bisimilla a baya? Ashe ranar da na dawo daga lamineshin na biya ta wurinta, fallen ya zame daga jakata ya faɗi a tsakar gida. Ka san ta, ba ta tsallake rubutu ko a kwalin ashana ne. Ta ɗaga ta ga bisimilla da Larabci, ƙasanta kuma wani rubutu mai kama da shanya a igiya. Ta ce ko ma na wace ƙabila ce, sunan Allah ba ya kwana a ƙasa. Ta kai ta saka cikin gafakar Malam, tsakanin tadarishi da Fatiha. Can ya yi watanni, ba lanƙwasa, ba gara, ba leda. Ta ce ta ga hoton mace a ɗaya fuskar, shi ya sa ta sa wani farin ƙyalle tsakani.

Ga shi nan tsakanin kwali biyu, na ɗinke bakin da hannuna. Na ce wa Zailani a ƙirjinsa zai rataya, in ya sa shi a kago ni da shi ne.

Ka kai masa nasa, duka, da bakinka. Ka ce ni na yanka, ka faɗi sunana, ba na buƙatar ka rufa mini. Yadda ya zo Kano kuma, wannan kai ka san abin da za ka ce.

A'i

*

Al Sabkha
Shawwal

A'i,

Barka da salla. Allah ya maimaita mana. Ki durƙusa ki gaida Gwaggo, ki ce Mijinyawa ya ce duk gidanmu ita kaɗai ta san darajar takarda, ita da ba ta yi boko ba balle Dubai.

Na kai. Ranar jajibirin tafiyarsa, shagon ba komai sai tebur da kujera ɗaya. Na ɗora gafakar a gabansa na faɗa masa daga farko: ba sito, ba mai makulli, Kano ya je, 'yar gwaggona tela ta ɗauka kataloj ne. Na faɗi sunanki kamar yadda kika ce. Ya tambaye ni abin da kika tambaye ni, me ya hana in tsallako titi. Na ce masu ɗaure kaya. Ya ce, "Haka ne," irin yadda nake cewa haka ne in dillali ya rantse mini.

Ya kwance gafakar, ya zaro falle ɗaya, ya ƙwanƙwasa ledar da farce. Ya kai hanci, ya ajiye. Ya zaro wani. Na fi son ya zage ni, wallahi na shirya wa zagi da yare uku. Sai ya ce a hankali, "Kamar takardar zaɓen abinci a gidan cin abinci." Bai ƙara ba. 

Sannan na farke ɗinkinki na ba shi fallen da Gwaggo ta adana. Ya kai shi bakin hancinsa yadda yake yi wa allura, ya juya baya ya karanta, ya juyo. Ya ɗora babban yatsansa kusa da rawayan, bai taɓa ba. Na juya na kalli titi, don ba kallona ba ne. Da na ba shi labarin inda fallen ya kwana, ya sa na maimaita, ya tambayi sunan Gwaggo, ya ce zai sa a yi mata addu'a a masallacin ƙauyensu.

Na fito da ruwan ƙasan, na ce ya haɗa da shi, cikakke ne, kyauta. Ya ga koren bangonsa a jiki. Ya dube shi, ya dube ni. A'i, idon da na ce ba ya gani. Ya sa almakashi ya cire bangonsa, ya turo mini littafina tsirara.

Ya zazzage matanki a tebur, ya saka fallen uwarsa shi kaɗai cikin tadarishin, ya ɗaure gafakar ya rataya. Ya ce aikin fatar ya yi kyau, a gaya wa mai shi. Sauran kuma ya ce in mayar wa telar, ta riga ta mayar da su nata, gara su tsaya inda ake ɗinki da su koma hannun mai tarawa. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Sai wata rana, Alhaji." Alhaji. Tun da na san shi bai taɓa kira na haka ba. Ba shayi.

Na bi ta wurin shekaranjiya, har an fara kafa kantar sayar da waya.

Kada ki ɗauka na huce. Ban huce ba, in na tuna sabuwar rezar nan har yanzu sai na tashi na zagaya shago. Sai dai yanzu in na fara zagin ki ba na kaiwa ƙarshe, ni kaina nake shigowa layin.

Matan suna jakar Zailani. Ki mayar da su bango, haka mai su ya ce. Ki bar gurbin amaryar a buɗe, kada ki cike shi da kalandar abaya. Sauran littattafan da ke kwalin ki kai ɗakin Gwaggo, ke kuma ki tsaya daga bakin ƙofa.

Ki buɗe lambar, hannuna ya gaji.

Ɗan kawunki,
Mijinyawa